Bisimillar da Na Ƙi Yi

Gidan da muka saya a Landover, kusa da birnin Washington, tsoho ne, kuma abin da ya fi komai tsufa a cikinsa shi ne boilar da ke ɗakin ƙasa. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce mai shan mai, tsayinta ya kai kafaɗata. Ita ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa wasu ƙarafuna masu haƙarƙari da ke jingine da bangon kowane ɗaki, su kuma su ɗumama gidan. Akwai wata 'yar taga a jikinta, faɗin kwabo, in ka durƙusa ka leƙa sai ka ga wuta tana ci. Ita kaɗai ce wuta mai harshe a gidan, don murhun girkinmu na lantarki ne.

Mahaifiyata ta zo daga Katsina ina da ciki wata biyar. Shekarata tara da aure a lokacin, na yi ɓari uku, wannan ne na farko da ya zauna. A gida mai cikin fari ita ke tattarawa ta koma gaban uwarta goyon ciki. Ni likita ya hana ni doguwar tafiya, don haka Inna ce ta taso ta zo. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ban kuma tuna ranar da ta taɓa riƙe hannuna ba tun da na yi wayo. Ƙannena biyu duk ita ta yi musu wankan jego, ina ji a waya ana ba ni labari, ina cewa masha Allah, kishi yana cina. Abin da nake so bai wuce wannan ba: in haihu Inna tana nan, ta yi mini wankan kwana arba'in da hannunta.

Ba ta yi mako guda ba ta gano ɗakin ƙasa. Falonmu mai kujeru masu laushi bai burge ta ba. Ta sa maigidana ya sauke mata darduma da 'yar kujera, kullum bayan azahar sai ta lallaɓa ta sauka, ta zauna kusa da boilar tana jan carbi ko tsintar wake. Abin da na lura da shi, ba ta taɓa taka matakalar farko ba sai ta yi sallama.

"Inna, wa kike yi wa sallama? Injin wanki?"

"Ke dai kin iya baki," in ji ta. "Gida ya kai wannan shekaru, ga duhu, ga ɗumi, ga rariya, ki ce ku kaɗai ne a cikinsa?"

Rariyar da take faɗi wani rami ne mai murfin ƙarfe a tsakiyar daɓen, inda ruwa ke bi in ya zube.

Ina son Inna, amma Allah ya sani ta ishe ni a watannin nan. Kada in fita da tsakar rana. Kada in fita da almuru. Kada in tsaya a bakin ƙofa. Ta soka mini allura a gefen riga, ni da nake aiki a kantin magani, ina shiga jirgin ƙasa zuwa cikin Washington da allura a haɓar rigata kamar tela. In zan tace taliya a wurin wanke-wanke, tana bayana: "Bisimilla! Ruwan zafi ne, akwai masu kwanciya a nan." Wannan kam kowane Bahaushe ya tashi da shi, ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa ko a rariya sai da sunan Allah, don kada a ƙona 'ya'yan waɗanda ba a gani. Ni ma ina yi tun ina yarinya, ba tare da na yi tunani ba. Sai da aka fara tsare ni a kai na ji ya fara yi mini nauyi.

Ana tsakiyar sanyi, wata Asabar da hantsi, ƙararrawar gidan mai gargaɗin hayaƙi da gurɓatacciyar iska ta ɗauki kuka. Mutumin da muka kira ya duba ya ce cikin boilar ya tsage, tana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari. Ya dubi cikina, ya ce shi da a ce matarsa ce ba zai bar ta ta ƙara mako da wannan tukunya ba. Ya liƙe ta na wucin gadi, ya ba mu shawarar mu sa abin da ake ce wa famfon zafi: akwati guda a waje mai fanka, sai ƙanana a saman bangon ɗakuna kamar na'urar sanyaya ɗaki. Ba mai, ba hayaƙi, ba wuta.

Maigidana ma'aikacin gidan rediyo ne, bayani sana'arsa ce. Ya russuna gaban Inna ya fara.

"Hajiya, shi wannan ba ya kunna wuta. Zafin da ke cikin iskar waje yake kwasowa ya shigo da shi."

Inna ta leƙa taga. Ƙanƙara ta rufe motarmu har gilashi.

"A wannan wajen akwai zafi?"

"Akwai ɗan kaɗan, shi yake tattarawa."

"To, Malam, gidan zai zama ba wuta ke nan."

"Ba wuta, Hajiya. Shi ne amfaninsa."

Ta koma kan carbinta.

Ranar da za a yi aikin ta zo daidai da ranar da likitan ido ya ba Inna. Maigidana zai kai ta, ni in tsaya da ma'aikata. Tun da safe ta fara. Ta ji an ce sai an zuƙe ruwan tukunyar kafin a kwance ta, ta kuma san tukunyar ta kwana tana ci.

"Ki ce su bari ya huce."

"Inna, mutanen nan da awa ake biyansu, ba za su zauna jiran ruwa ba."

"To ki tsaya a wurin. Kafin su buɗe ki yi bisimilla da ƙarfi, sau uku, ki ɗan dakata. A ba masu kwanciya a rariyar lokaci su kwashe yaransu."

"Na ji."

"Ba na ji ba. Ki yi."

"Na ce na ji, Inna! Ni yarinya ce?"

Ta dube ni, ta gyara mayafinta, ta fita. Har yau ina jin ƙarar da muryata ta yi a falon nan.

Ma'aikatan su biyu ne, manyan mutane, masu fara'a. Ɗayan ya ɗaura tiyo a gindin boilar ya ja bakinsa zuwa rariya, ya ɗaga murfin. Ina tsaye a kan matakala, hannuna a ƙugu. Ya ɗago ya tambaye ni da Turanci ko ya buɗe. Ba mantawa na yi ba, wannan nake so a sani. Kalmar ta zo har kan harshena, kamar yadda take zuwa da kanta shekara talatin da takwas. Na danne ta da haƙori. Na ce a raina, gidana ne, kuɗina ne, yau ɗaya dai zan yi abu ba da umarnin kowa ba. Na gyaɗa masa kai.

Ruwan ya fito baƙi ƙirin, yana tururi, yana warin tsatsa. Da ya faɗa ramin sai wata ƙara ta taso, siririya, ba ɗaya ba, da yawa a haɗe, kamar an taka kwandon 'yan tsaki. Ta ɗan jima kafin ta mutu. Abin da ke cikina ya yi wani juyi da bai taɓa yi ba, sai da na kama ƙarfen matakala. Mutumin ya yi dariya ya ce iska ce a cikin bututu, tsofaffin gidaje duk haka suke. Na yi dariya ni ma.

Kafin la'asar sun yanka tukunyar gida uku sun fitar, sun toshe bututun, sun kafa sababbin na'urorin. Iska mai ɗumi ta fara sauka daga bango, shiru, ba ƙwanƙwasa, ba warin mai. Gaskiya aiki ya yi kyau. Inna ta dawo da baƙin tabarau na asibiti, ta wuce kai tsaye bakin matakalar ƙasa, ta yi sallama, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo.

"Kin yi?"

"Na yi."

"Sau uku?"

"Sau uku, Inna."

Ta ce, "To, madalla."

Kwana biyu bayan haka na sauka wanki, ba takalmi. Ɗakin ƙasa ya yi sanyi yanzu, daɓen kamar ƙanƙara. Ina ratsawa ta inda tukunyar take a da, sai ƙafata ta faɗa kan ɗumi. Na ja da baya, na sake takawa. Wuri ne faɗin faifai, gefensa sanyi, tsakiyarsa ɗumi. Na gaya wa maigidana, ya ce siminti yana riƙe zafi. Na yarda, don ina son in yarda.

Ranar Juma'a wurin ya huce. Na ji daɗi ƙwarai, har na ɗauki kwandon kaya ina 'yar waƙa. Ina ɗora ƙafa a matakalar farko zan hau sai na taka ɗumin. Faɗinsa ɗaya, ɗuminsa ɗaya, a kan katako.

Matakalar nan hawa goma sha biyu ce. Na zama kullum in na dawo aiki, kafin in cire mayafi, sai in tuɓe safa in sauka ina lalube da tafin ƙafa. Ranar Lahadi yana hawa na uku. Wata rana ya kwana biyu a wuri ɗaya, wata rana ya haye biyu. Akwai abin gwada zafin jiki da na saya saboda jariri, irin wanda ake nunawa a goshi. Na ɗauko shi na nuna a katakon. Abin ya yi ƙara ya kawo jar wuta, yadda yake yi in mutum yana zazzaɓi.

Na kira maigidana ya taka da kansa. Ya taka, sannan ya kawo dalilinsa.

"Bututu ne a ƙarƙashi."

"An yanke bututun, a gabana."

"To rana ce take bugawa."

"A ɗakin da ba taga?"

Ya ce in daina tayar wa kaina hankali, hawan jini ba ya yi wa mai ciki kyau. Washegari ya sayo silifa, bai ƙara yawo ba takalmi a gidan ba.

Inna kuwa sai ta sauya. Ta daina yi mini faɗan allura, ta daina tsayawa a bayana in ina tace taliya, abin da na yi ta roƙon Allah a kai, sai ga shi ya zo ya fi faɗan ciwo. Kullum bayan azahar tana ɗaukar dardumarta, amma ba ta sauka ƙasa. A kan matakala take zama, tana karatu a hankali. Sai daga baya na gane kullum hawa ɗaya take zama sama da wurin ɗumin. In ya hau, ta hau. Tana tare hanya ne da jikinta, tana kuma ja da baya.

Cikin mako na uku ɗumin ya fito kicin. Ya bi gefen firiji, ya ratsa falo, ya kama matakalar sama. A sama ɗaki biyu ne, namu da wanda muka yi wa fenti muka sa gadon jariri. Na daina cin abinci sosai. A wurin aiki ina ƙirga ƙwayoyin magani sai in rasa inda na tsaya. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kuma ba ni da wanda zan gaya wa, don duk wanda zan gaya wa sai na fara da abin da na yi.

Ranar da na same shi a hawa na ƙarshe, rana ce tsaka, hasken ƙanƙara ya cika gidan. Inna tana zaune a dandamalin sama, bayanta jingine da ƙofar ɗakinmu, ba sauran inda za ta ja. Na durƙusa a ƙasanta da ƙyar, ciki wata takwas.

"Inna, ban yi ba."

"Na sani."

"Ba mantawa na yi ba. Ƙi na yi."

"Wannan ma na sani. Ni na haife ki."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta taɓa ni ba.

"Tun da na dawo na yi sallama na gane," in ji ta. "Ba wai amsawa suke ba. Amma shirun ɗakin da ake saurarenki daban ne. Ranar nan shirun gidan jinya na ji."

"Me suke so?"

"Ba mugaye ba ne, 'yar nan. Bayin Allah ne, sun samu ɗumi sun zauna tun ba a haife ki ba. Rana ɗaya aka ƙona musu yara, aka kuma ɗauke wutar. Wannan iskar da ke saukowa daga bango ba ta yi musu komai, ba ta da gindi. Ɗumi suke nema mai rai. Abin da ya fi komai ɗumi a gidan nan yanzu kuwa..."

Ba ta ƙarasa ba. Cikina ta duba.

Na ce a kira malami daga masallaci, a sauke Alƙur'ani, a yi duk abin da ake yi. Ta ce a yi, ita ma tun ranar take yi, shi ya sa suke tafiya a hankali. "Amma kora daban, haƙƙi daban. Mu muka yi musu laifi." Mu ta ce, ba ke ba. Na ce zan sayo gawayi da kasko in hura musu wuta a ƙasa. Ta ce a gidan katako, ga ƙararrawar da ke ihu in an gasa burodi? Kuma wutar da za a hura yau a kashe gobe ai yaudara ce, an riga an yaudare su sau ɗaya.

"Ni ina da murhu," in ji ta. "Na itace, a tsakar gida, ba ya kwana biyu bai ga wuta ba. Na yi musu magana. Na ce su biyo ni."

Sai da na ɗan jima kafin maganar ta shige ni.

"Inna, saura mako uku in haihu."

"Shi ya sa."

Ban san irin haukan da na yi ba. Na ce camfi ne, ni da na gama kuka saboda shi. Na ce in ƙannena ne ba za ta tafi ba, da ma can ba ta sona. Na ce shekara tara ina jiran ranar nan. Na kama ƙafarta, na roƙe ta da girman Allah. Ta zare ƙafar a hankali, ta ce in ce wa Malam ya canja mata tikiti, kuma ya nemo na kusa. Maigidana ya gwada nasa, ya kawo hujjoji har da na likita. Ta saurare shi har ƙarshe, ta yi masa godiya, ta tambaye shi ko an samu jirgin.

Kwana biyun da suka rage a bakin ƙofar ɗakinmu ta yi su, nan take salla, nan take cin abinci. Ta daka mini yajin jego, ta nuna mini yawan kanwar da ake sa wa kunu, ta sa na maimaita kamar 'yar makaranta.

Da hantsi suka tashi. Maigidana ya kai akwatuna mota ya tayar da ita. Inna ta sauko daga sama a hankali, hawa ɗaya ta tsaya, hawa ɗaya ta tsaya, kamar mai jan akuya mai gardama. Ta ce in tsaya gefe, kada in tare hanya. Ta buɗe ƙofar waje ta fita, sannan ta juyo ta riƙe ta a buɗe. Sanyi ya kwararo cikin falon. Ina tsaye ba takalmi, yatsuna har sun fara ƙagewa.

Sai ɗumi ya shafi idon sawuna ya wuce. Ƙasa-ƙasa, bai kai gwiwa ba. Wani ya biyo shi, wani ya biyo. Na ƙirga biyar, na daina ƙirgawa. Aka yi shiru, na ɗauka an gama, amma Inna ba ta saki ƙofar ba. Can sai na ji na ƙarshe, ƙarami, ya fi sauran zafi, yana tafiya yana tsayawa. Ya daɗe a kan ƙafata.

"A hankali," in ji Inna, da wata murya mai taushi da ban taɓa jin ta yi mini ba. "Taho, ba sauri muke ba."

Ya wuce. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi ja.

"Rufe ƙofarki. Kada ki raka ni, kada ki leƙa."

Na rufe. Na bi gidan kaf da tafin ƙafa, daga ɗakin jariri har bakin rariya, ko'ina sanyinsa ɗaya.

Na haifi 'ya mace lafiya lau. Wata baiwar Allah 'yar Nijar da ke zaune a garin Manassas ita ta riƙa zuwa tana yi mini wanka, mace mai kirki, har yau ina yi mata addu'a. Kullum in ta gama ta fita sai in zauna a bakin baho in yi kuka. Mutane suka ce haka masu jego suke.

Ban san abin da zan ce na gaskata ba. Na san katako, na san siminti, na san abin da tsoro ke sa mai ciki ta ji. Na kuma san abin da ya taɓa ƙafata. Famfon zafin yana nan yana aiki, bai taɓa ba mu matsala ba.

'Yata ta shekara huɗu yanzu. A waya take ganin kakarta, tana gaishe ta da Hausarta mai ɗingishi, Inna tana tsokanarta. Ba ta taɓa ɗaukarta ba. Sau biyu muna shirin zuwa gida, Inna ta aiko a ce mu dakata, kada a kawo mata yarinyar tukuna. Makon jiya na sake roƙonta, na ce ko wata ɗaya ne ta zo, ko ta bar mu mu zo, ƙafafunta sun fara gazawa, ni ma ba yarinya ba ce. Ina jin ƙarar itace yana ci a kusa da ita.

"Inna, sai yaushe?"

Na ji kamar ta juya tana duba wani abu a gefenta.

"Idan sun warke," in ji ta. "Ƙaramin ne har yanzu bai fara takawa sosai ba."